RA'AYI: Kafin a sake raba rigunan ruwa, a tambayi wanda ya koya wa matuƙin jirgi tuƙi

A Yindiski, cikin garin Potiskum, babu kogin da jirgi zai bi. Potiskum gari ne na shanu da hatsi da manyan motoci. Daga kasuwarsa ake lodin dabbobi zuwa Legas da Fatakwal, kuma da wuya a ratsa unguwa ba a wuce ƙofar gidan direba ba. Duk da haka, mai neman sanin dalilin da ya sa jirage ke ta kifewa da jama'a a kogunan Arewa zai ƙaru ƙwarai idan ya zauna da tsofaffin direbobin wannan gari, domin sun san yadda ake yin direba tun daga tushe.

A wurinsu, ba a wayar gari a miƙa wa yaro makullin tirela. Sai ya yi shekaru yana yaron mota: ya wanke ta, ya duba mai da ruwa, ya sa waigi a taya idan an tsaya a gangara, ya koyi ɗaure lodi yadda ba zai rinjayi gefe guda ba, ya kwana a ƙarƙashinta a tashoshin da ba shi da kowa. Bayan nan ne maigidansa zai bar shi ya motsa ta cikin tasha, yana zaune a gefensa. Sa'annan ga lasisi, ga ƙungiyar direbobi, ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, wadda ta fara tilasta ɗaura bel a 2003. Babu mai cewa titunan Nijeriya sun zama wurin aminci. Amma akwai tsani da direba ke hawa, akwai kuma wanda za a tuhuma idan ya tsallake matakala.

Idan aka bar Potiskum aka nufi arewa, wajen Gashuwa da Nguru da Gaidam, inda kogin Yobe da fadamun Haɗeja da Nguru kan raba ƙauyuka da kasuwanninsu da damina, sai a tarar da wani direban da ba shi da wannan tsani. Haka lamarin yake a Yawuri da Warra da Shiroro da Bagwai. Matuƙin jirgi yakan ɗauki mutanen da bas biyu ko uku ba za su kwashe ba, a kan hanyar da ba ta da gefen da za a raɓe idan inji ya mutu, amma a mafi yawan wurare babu wanda ya taɓa gwada shi kafin ya kama hannun inji. Ya gaji sanin ruwa daga iyayensa, wannan gaskiya ne. Sanin inji kuwa bai gaje shi daga kowa ba.

Shi wannan inji da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale yana da tarihinsa, kuma tarihin ya zo da darasin da bai iso nan tare da shi ba. Wani maƙerin injuna ɗan asalin Norwe mai suna Ole Evinrude ne ya fara sayar da irinsa da yawa a birnin Milwaukee na Amurka, daga 1909. Ba a daɗe ba samari suka mayar da shi abin tsere. Zuwa 1928 an fara wani dogon tsere a kan kogin Hudson, daga Albany zuwa New York, tafiyar fiye da kilomita 200 cikin ƙananan jiragen katako. Waɗanda suka ga wancan zamani suna tuna matuƙan a durƙushe bisa gwiwoyinsu cikin jirgin da bai fi tabarma biyu faɗi da tsawo ba, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya a kan totur, suna karkata jikinsu gaba ko baya don hancin jirgin kada ya tashi sama iska ta kifar da shi. Har yau akwai masu adana waɗannan tsofaffin injuna suna fito da su wasa, don tunawa.

Abin lura a cikin wannan jirgi shi ne totur ɗin. An yi shi da sifirin, sai an damƙe shi da ƙarfi inji ke gudu. Da zarar hannu ya sake shi, ko don matuƙi ya faɗa ruwa ko don ya suma, sai ya koma da kansa, gudu ya mutu. Sunan da suka ba shi a harshensu ma'anarsa totur ɗin mamaci. Sun yi haka ne bayan sun ga abin da jirgin da ya rasa matuƙi ke yi: juyin farfela yakan ture injin zuwa gefe guda, sai jirgin ya shiga kewaye, ya dawo kan mutumin da ke cikin ruwa da wuƙaƙen farfela. Daga wannan dabara aka sami igiyar kashe inji, wata 'yar jar igiya da matuƙi ke ɗaurawa a ƙafarsa ko a rigarsa, ɗaya bakin kuma a maƙale da makunnin inji. In ya gusa daga mazauninsa, igiyar ta fizge, inji ya mutu nan take. Tun daga watan Afrilun 2021 dokar tarayyar Amurka ta wajabta amfani da ita a ƙananan jiragen shaƙatawa. Yawancin injunan da ake shigowa da su Nijeriya a yau da ita suke fitowa daga kamfani. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar jirage ya san inda takan ƙare: a nannaɗe a jikin hannun injin, inda ba ta da wani amfani.

'Yan tseren ba su tsaya nan ba. Sannu a hankali suka kafa al'adar da ta fi kowace na'ura muhimmanci. Ba a sa jirgi a ruwa sai alƙalin gasa ya duba jikinsa da sitiyarinsa da injinsa. Ba a barin matuƙi ya shiga sai da hular kwano da rigar ruwa, irin wadda ke juyo da fuskar wanda ya suma sama. Ba a kaɗa tutar farawa sai jirgin ceto ya riga ya kama wurinsa a tsakiyar fili. Kafin a tashi kuma sai an tara matuƙa an karanta musu yanayin ruwa da iska na wannan rana. A babbar gasar duniya da aka fara a 1981, shekarar 1984 ta zo da mace-macen da suka girgiza kowa, ciki har da na Tom Percival ɗan Birtaniya a birnin Liège na Beljiyam. Abokin aikinsa, Chris Hodges, shi ya ƙera ƙaƙƙarfan akwatin da matuƙi ke zama a ciki, wanda ba ya wargajewa ko jirgin ya tarwatse. Da aka ga cewa akwatin na iya zama kurkuku idan jirgi ya kife, sai aka ƙara sharaɗi: kowane matuƙi sai an nutsar da shi a ruwa a kife, ya nuna zai iya kwance kansa ya fito, kafin a ba shi izinin tsere. Kowace ƙa'ida daga cikin waɗannan da ran wani aka saye ta.

Wani zai ce, ina ruwan talakan Ngaski da wasan masu kuɗi? Zai kuma ƙara da cewa faɗuwar matuƙi ba ita ce ke kashe mutane a kogin Kwara ba. Yana da gaskiya a nan. A watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra a jihar Kebbi ya tsage ne ɗauke da mutum fiye da 150. A ranar 30 ga Nuwamban wannan shekara, jirgin da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga Badau zuwa Bagwai a jihar Kano ya nutse a madatsar Watari, kuma mafi yawan waɗanda suka rasu yara ne. A Yunin 2023, 'yan biki fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi na jihar Kwara suna komawa gida cikin dare. A daren 1 ga Oktoban 2024 kuma, jirgin da ke ɗauke da kusan mutum 300 masu zuwa Mauludi ya kife kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa. Dalilan da aka bayar kusan iri ɗaya ne a ko'ina: lodi ya wuce kima, katako ya ruɓe, an yi tafiyar dare, ko an ci karo da kututture, irin waɗanda tabkin Kainji ya haɗiye tun da aka kammala madatsar a 1968. Igiyar kashe inji ba za ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amma kowane ɗaya daga cikinsu shawara ce da wani mutum ya yanke a bakin gaɓa. Wani ne ya karɓi kuɗin fasinja na ƙarshe alhali yana ganin ruwa ya kusa laɓɓan jirgi. Wani ne ya tada inji bayan magariba. Wani ne ya ƙara wuta a wurin da tsofaffi suka san akwai itace a ƙasa. Babban gadon da 'yan tsere suka bari shi ne tsayar da mutum guda a bakin ruwa da ikon cewa wannan jirgi ba zai tashi ba, da kuma horar da matuƙi har ya riƙa ganin bin ƙa'ida a matsayin alamar gwaninta. Shi kansa sanin da suke da shi na yadda nauyi ke sarrafa jirgi, shi ne ainihin abin da matuƙin haya ke buƙata, domin jirgin da aka danƙare ba ya buƙatar guguwa kafin ya kife. Ya isa kawai fasinjoji su firgita su rinjaya gefe ɗaya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba game da abin da inji ya canja a rayuwar mutanen ruwa. A zamanin filafili da gora, ƙarfin damtse shi ne dokar lodi. Mai fito ba ya ɗaukar abin da ba zai iya turawa ba, kuma gudunsa bai kai ya fasa jirgi a jikin kututture ba. Da inji ya zo, musamman bayan kamfanonin Japan irin su Yamaha sun shiga sana'ar daga 1960 suka cika kasuwannin Afirka da injuna masu juriya, sai wannan iyaka ta kau. Aka ƙara wa jirage tsawo, aka ƙara musu lodi: babura, buhunan hatsi, awaki, yashi. Fasinjojin ma suka canja. Da can masu shiga jirgi galibi mutanen ruwa ne da suka iya iyo tun suna yara. Yanzu kuwa 'yan kasuwa ne da mata masu goyo da almajirai da 'yan biki, waɗanda da yawansu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugu ba. Tsohuwar hikimar Sarkawa da Gungawa da Nufawa tana nan, amma an gina ta ne domin wani jirgi daban.

Gwamnatin Tarayya ba ta zauna haka nan ba, kuma adalci ne a faɗi hakan. Akwai Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, tun 1997, da hedikwatarta a Lokoja. A 2023 an kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, aka kuma fitar da ƙa'idar sufurin ruwa da ta wajabta sa rigar ruwa ta hana tafiyar dare. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ikon kula da hanyoyin ruwa na cikin gida na tarayya ne, a shari'ar da aka daɗe ana yi da jihar Legas. Ma'anar wannan hukunci ga ma'aikacin da ke zaune a Abuja a bayyane take: ba sauran jingina laifi ga jihohi. A 2025 kuma ma'aikatar ta fara raba rigunan ruwa 42,000 ga jihohi 12, kowace 3,500.

Wannan abin yabo ne, rigar ruwa tana ceton rai. Sai dai lissafi ba ya jin kunya. Riguna 3,500 ba za su wadaci jirage 12 irin na Gbajibo ba. Kuma riga takan yage, takan ɓata, wani lokaci a mayar da ita matashin zama. Dalilin da ya sa hukumomi suka fi son ta ba boyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda fayil ke tafiya: riga abu ce da ake ƙirgawa, a ba da kwangilarta, a ɗauki hoton rabonta, a rubuta a rahoton ƙarshen shekara. Horar da matuƙi kuwa ba shi da kintinkirin da za a yanka. Sakamakonsa haɗarin da bai faru ba ne, shi kuwa ba ya shiga labarai.

To, a ina za a horar da dubban matuƙa da ke warwatse a gungu-gungu, waɗanda da yawansu ba su yi boko ba, kuma suna gudun duk mai kaki? A nan ne tsere ya sake shigowa, domin Arewa tana da nata. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, wasannin Kabanci sun haɗa da tseren kwale-kwale da iyo da nutso, kuma ba mai taɓa ruwan Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A Yawuri akwai Rigata, inda jirage ke gwada ƙwazo a kan kogin Kwara a gaban Sarki. A Yobe akwai bikin kamun kifi na Bade a Gogaram. Mazauna Abuja ma suna iya tuna wasan jiragen da aka riƙa yi a tabkin Jabi lokacin bikin al'adu na birnin. A duk waɗannan wurare matuƙa kan taru da kansu, ba tare da sammaci ba, su yi biyayya ga alƙalan gasa da sarakunan ruwa ba tare da an nuna musu bindiga ba, don kawai suna son a ga gwanintarsu.

Abin da ya rage shi ne a ƙara wa waɗannan bukukuwa rukuni na masu inji, a kuma ɗora masa sharuɗɗan da tsofaffin 'yan tsere suka bari. Ba wai a saki samari su yi ta gudu a kan ruwa ba, wannan neman wata fitinar ce. Gasar ta zama ta ƙwarewa: wa zai tsayar da jirgi daidai inda aka ce, wa zai juyo ya ɗauko wanda ya faɗa ruwa ba tare da farfela ta kusance shi ba, wa zai gano abin da ya kashe inji ya tada shi kafin ruwa ya tafi da jirgi, wa zai tsara lodi jirgi ya zauna daidai. Ba mai shiga sai an duba jirginsa, sai da igiya a ƙafarsa da riga a jikinsa, sai kuma jirgin ceto na kan ruwa. Wanda ya ci a ba shi sabon inji, a kuma ɗauke shi ya koyar a tashar garinsu. Wanda ya haye gwajin ya sami takardar shaida mai hatimin hukuma da sa hannun Sarkin Ruwa, bayan jarrabawar baka da ta aiki cikin Hausa ko Nufanci ko Barbarci ko Badanci. Samari suna kwaikwayon zakara fiye da yadda suke jin sanarwar rediyo. Ranar da gwanin Yawuri ya ɗaura jar igiya a gaban dubban 'yan kallo, ta daina zama abin matsorata.

Ga maganar lodi kuma, akwai maganin da ya girmi injin kansa. A 1876, bayan gwagwarmayar wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll, Birtaniya ta wajabta zana layi a jikin jiragen 'yan kasuwa, wanda idan ruwa ya rufe shi an san lodi ya wuce kima. Gwangwanin fenti guda zai yi wa jirage da dama wannan layi. Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar karatu: tsohuwar da za ta kasuwa tana iya gani da idonta, ta ƙi shiga, ko ta tara wa matuƙi jama'a.

Akwai tarkon da ya kamata masu tsara manufofi su kauce masa, kuma direbobin Yindiski za su iya ba da labarinsa har gari ya waye. Takardar da aka ƙirƙira don kare rai takan rikiɗe ta zama hanyar tatsa. Direban da ya ɗauko shanu daga Potiskum ya san shingaye nawa zai wuce kafin ya isa kudu, ya kuma san cewa ba lafiyar birkinsa ake tambaya a yawancinsu ba. Idan lasisin matuƙin jirgi ya zama wani rasit da ake saya a ofis, matuƙa za su koma tashi daga lungunan da ba jami'i, su ƙara tafiyar dare don guje wa kamu, a wayi gari an ƙara yawan gawarwakin da ake son ragewa. Saboda haka horon ya zama kyauta, takardar ta zama kyauta a shekarun farko, ikon hana jirgi tashi kuma ya kasance a hannun mutumin da ke kwana a garin, wanda zai haɗa ido da iyayen mamata idan ya yi sakaci. Ita hukuma ta tsaya a bayansa da doka da albashi da jirgin ceto mai mai a tanki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Daraktoci da mataimaka na musamman da hadiman 'yan majalisa da ke rubuta ƙudurorin kasafi sun san cewa abin da bai sami layi a kasafin kuɗi ba, ba ya samun komai sai ta'aziyya. Ɗan majalisar da ke wakiltar Yawuri ko Mokwa ko Bade yana iya sa horar da matuƙa cikin ayyukan mazaɓarsa, kamar yadda yake sa rabon babura da kekunan ɗinki. Lokacin ma ya dace da aikin: bukukuwan ruwa a cikin rani ake yin su, galibi wajen Fabrairu da Maris, sa'ad da ruwa ya kwanta kuma matuƙa ke da sarari. Koguna kuwa sai wajen Agusta suke cika su batse, su kai har Oktoba. Tsakanin Rigata da cikar ruwa akwai wata biyar, kuma sun ishi a horar da rukunin farko a zana wa jiragensu layi.